Yadda Ake Jagorantar AI Ta Gina Shafin Da Mai Lalurar Gani Zai Iya Amfani Da Shi

A 'yan shekarun nan, abubuwan da mutumin Zuru kan je ofis ya bi layi dominsu sun koma cikin waya ɗaya bayan ɗaya. Duba sakamakon JAMB da WAEC da NECO, neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, neman aiki, duk sai an cike fom a intanet. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya tilasta wa hatta masu sayar da hatsi a kasuwa koyon tiransifa da OPay da Moniepoint. Kafa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona a garin a shekarar 2020 kuwa ya ƙara yawan ɗalibai da masu harkar kwamfuta.

Manyan shafuka irin na bankuna kamfanoni ne ke gina su a Legas da Abuja. Amma ƙananan shafukan da suka fi kusa da jama'a, kamar na makarantar kuɗi ta unguwa, ko na ƙungiyar manoma, ko na mai shagon da ke son a riƙa yin oda, matasan gari ake ba kwangilarsu. Da yawa daga cikin waɗannan matasa a YouTube da freeCodeCamp suka koyi aikin, wasu kuma ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Yanzu kuma sun samu mataimakiya: ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Tun fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, sannan Claude da Gemini da Cursor, aikin da kan ci mako guda ya koma na yini ɗaya. Mutum ya rubuta abin da yake so, kod ya zubo.

Matsalar ita ce, shafin da ya fito yakan yi kyau a ido, kuma ido kaɗai mai shi ke amfani da shi wajen tantancewa. Idan launi ya yi, madanni ya danno, shi ke nan sai a miƙa aiki a karɓi kuɗi. Ba a cika tambayar ko wanda ba ya gani, ko wanda ganinsa ya yi rauni, ko wanda hannunsa ke rawa zai iya cike fom ɗin ba. AI ma ba ta cika tambaya ba, sai an gaya mata. Gaya matan, da kuma bin diddigin abin da ta yi, shi ne aikin da ya rage a hannun maginin shafi.

Su wa ake bari a waje?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura ta nakasa. A Najeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13 ke nan a lokacin. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na biye da ita. Waɗanda ganinsu ya ragu ba tare da ya tafi gaba ɗaya ba sun ninka wannan adadi.

Wasu na ɗauka cewa makaho ba ya amfani da wayar shafa. Yana yi, kuma gwanayensu sun fi masu ido da yawa sauri. Wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika hannun jama'a, suna aiki da wata manhaja ta Google mai suna TalkBack, wadda ke karanta abin da ke kan sikirin da murya. A iPhone sunanta VoiceOver. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina kuma ake saukewa kyauta. Mai amfani da TalkBack yana jan yatsa zuwa dama, wayar ta faɗa masa abu na gaba: wannan kanun rubutu ne, wannan madanni ne mai suna kaza, wannan gurbin rubuta lambar waya ne. Idan ya zo kan abin da yake so, sai ya taɓa sau biyu.

Abin lura a nan shi ne, TalkBack ba ta kallon shafi yadda ido ke kallonsa. Kod ɗin da ke ƙarƙashi take karantawa. Idan kod bai ce wannan madanni ne ba, to a wurinta ba madanni ba ne, komai kyan launinsa.

Kuma maganar ba ta tsaya kan makafi ba. Akwai dattijon da ba ya ganin ƙananan rubutu sai ya buɗa su. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi da hannu ɗaya. Akwai kurman da aka aiko wa bayani a bidiyo ba tare da rubutu ba. Akwai mai wahalar bambance ja da kore. Sannan akwai lafiyayyen manomi a Dabai ko Ribah da ke duba waya a tsakiyar rana, gilashin wayar ya tsage, netiwok na zuwa yana ɗaukewa. Gyaran da aka yi domin na farko, shi ne ke taimakon na ƙarshe.

Me ya sa AI ke maimaita kurakuran?

Manhajojin AI masu rubuta kod sun koyi aikin ne daga ɗimbin kod ɗin da mutane suka riga suka rubuta. To wane irin kod ne ya cika intanet? Wata cibiya mai suna WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana auna shafin farko na gidajen yanar gizo miliyan ɗaya da aka fi ziyarta a duniya duk shekara. A rahotonta na 2024, kashi 95.9 cikin 100 na shafukan suna da kurakuran da ke hana masu lalura amfani da su. A 2025 adadin ya sauko kaɗan zuwa kashi 94.8. Kurakurai shida ne suka fi yawa kowace shekara: rubutun da launinsa ya yi kusa da na bango, hoton da ba shi da bayani, gurbin fom marar suna, mahaɗi marar suna, madanni marar suna, da rashin bayyana harshen da aka rubuta shafi da shi.

Wanda ya koyi sana'a a irin wannan kasuwa, abin da ya fi gani shi zai riƙa yi. AI ta san ƙa'idojin, domin ta karanta su. Idan aka tambaye ta za ta zayyano su. Amma idan umarnin da aka ba ta bai wuce "gina mini fom mai kyau na zamani" ba, sai ta bi hanyar da aka fi bi.

Ga misalin da aka fi cin karo da shi. A harshen HTML akwai alama ta musamman ta madanni, sunanta `button`. Burauza ta san ta, kibod na isa gare ta, TalkBack kuma na sanar da ita a matsayin madanni. Akwai kuma `div`, wadda akwati ce kawai marar ma'ana. Ana iya yi wa `div` launi da siffa ta zama kamar madanni, a ɗaura mata aiki idan an taɓa. Mai ido ba zai ga bambanci ba. Amma mai amfani da kibod ba zai iya isa wurin ba, mai TalkBack kuma ba zai ji an ce madanni ne ba. Sai ya cike fom tsaf, ya rasa inda zai tura shi.

Tun ran gini, ran zane

Gyaran shafin da aka riga aka gama ya fi gina shi daidai tun farko wahala. Shi ya sa mataki mafi muhimmanci shi ne umarnin farko. Akwai ma'aunin da duniya ta yarda da shi, ana kiransa WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ke fitarwa. Zubi na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a Oktoban 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma AA shi ne wanda dokoki da kamfanoni suka fi nema.

Sai dai rubuta "ki bi WCAG 2.2 matakin AA" kaɗai bai isa ba. AI za ta amsa da to, ta yi wasu ta bar wasu. Ta fi bin umarnin da aka fayyace dalla-dalla, wanda za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Ga irin jerin da maginin shafi zai iya ajiyewa, da Hausa ko da Turanci, yana liƙa shi a farkon kowane aiki:

1. Ki yi amfani da alamomin HTML na asali: `button` ga madanni, `a` ga mahaɗi, `select` ga jerin zaɓi. Kada ki mai da `div` madanni.
2. Kowane gurbi a fom ya samu `label` da ake gani, wanda aka haɗa da gurbin.
3. Kowane hoto mai ma'ana ya samu bayani a `alt`. Hoton ado kawai a bar `alt` ɗinsa fanko.
4. Bambancin hasken rubutu da bango kada ya gaza 4.5:1, na manyan rubutu kuma 3:1.
5. Komai ya yi aiki da kibod kaɗai, kuma kada ki goge zoben da ke nuna inda kibod yake.
6. Kanun rubutu su bi tsari: `h1` guda ɗaya, sai `h2`, sai `h3`, ba tsallake.
7. Kada ki hana buɗa shafi da yatsu, kuma ya karantu a sikirin mai faɗin fiksel 320 ba tare da ja gefe ba.
8. Kada launi kaɗai ya isar da saƙo. A haɗa da kalma.
9. Kada ki sa ARIA sai inda HTML ba ta da abin da ake buƙata, kuma ki faɗi dalili.
10. Bayan kin gama, ki lissafa abin da ba ki iya tabbatarwa ba, wanda sai mutum ya gwada.

Wanda ke aiki a shafin hira na ChatGPT ko Gemini ko Claude zai ajiye jerin a manhajar rubutu ta wayarsa ya riƙa kwafowa. Masu aiki a kwamfuta kuwa suna da hanya mafi sauƙi, domin yawancin manhajojin na karanta wani fayil na dindindin a cikin aikin kafin su rubuta komai. Claude Code na karanta `CLAUDE.md`, Copilot na karanta `copilot-instructions.md`, da dama kuma sun amince da `AGENTS.md`. An rubuta sau ɗaya, ya zauna. Wannan na da amfani saboda idan hira ta yi tsawo, AI kan fara sakaci da abin da aka gaya mata a farko.

Misali: fom ɗin ƙungiyar manoma

A ɗauka wata ƙungiyar manoman dawa da shinkafa ta ba wani matashi aikin gina fom ɗin rajistar mambobi, domin rabon taki. Ana buƙatar suna, lambar waya, ƙaramar hukuma, da girman gona. Abu ne ƙarami, amma kusan duk tarkunan suna cikinsa.

Na farko, sunan gurbi. Salon zamani shi ne a rubuta "Lambar waya" da launin toka mai haske a cikin gurbin, da an fara rubutu ya ɓace. AI na son wannan salo domin yana sa shafi ya yi fes. Amma dattijon da aka yi wa sallama yana tsakiyar cikewa, idan ya dawo ba zai tuna me ake nema a wurin ba. Kuma launin tokar da kansa matsala ne. Toka mai lamba #999999 a kan fari ma'auninta bai kai 3:1 ba. Wadda ta fi kowace haske da ta haye 4.5:1 a kan fari ita ce #767676. A ɗaki mai inuwa bambancin ba ya damun kowa. A bakin gona da azahar, ɗaya na karantuwa, ɗayar ta ɓace. Kada kuma a dogara da lissafin AI a nan, domin takan ce launi ya cika ma'auni alhali bai cika ba. WebAIM na da shafin auna launi kyauta, a zuba lambobin biyu a gani.

Na biyu, zaɓin ƙaramar hukuma. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Zaɓi huɗu ba ya buƙatar wani ƙaƙale. Amma idan ba a hana ta ba, AI na iya gina nata jerin zaɓi da `div` da JavaScript layi hamsin, mai zamewa a hankali yana burgewa. `select` na asali ya fi shi ta kowace fuska: wayar ce da kanta ke buɗe shi, TalkBack ta san shi, ba ya cin data.

Na uku, lambar waya. Idan aka sa wa gurbin `type="tel"`, wayar za ta fito da madannan lambobi manya maimakon haruffa. Idan aka ƙara `autocomplete="tel"`, za ta iya cike lambar da kanta. Kalmomi biyu ne a kod, amma ga mai rawar hannu sauƙi ne babba.

Na huɗu, saƙon kuskure. Abin da aka saba gani shi ne gurbin ya koma ja, shi ke nan. Makaho bai ga ja ba. Mai wahalar bambance launi ma haka. Sai a umarci AI ta rubuta saƙon da kalmomi kusa da gurbin, kamar "Lambar waya ba ta cika 11 ba", ta haɗa saƙon da gurbin a kod, sannan ta mai da mai cikewa kan gurbin farko da ke da matsala. Kuma kada abin da mutum ya riga ya rubuta ya goge. A inda netiwok ke yankewa, fom ɗin da ke komawa fanko duk lokacin da tura shi ya gaza yana cinye data da haƙurin mutane.

Na biyar, girman madanni. WCAG 2.2 ta sa mafi ƙanƙanta fiksel 24 tsawo da faɗi. Google na ba masu gina manhajar Android shawarar 48, Apple kuma 44. Ga jama'ar da ke aikin ƙarfi da hannu, gara a bi na Google, a kuma raba "Tura" da "Soke" da tazara.

Na shida, nauyi. AI kan yi saurin jawo React da tarin wasu kayan aiki ko da shafin bai wuce fom ɗaya ba. A gaya mata tun farko cewa masu ziyara na amfani da ƙananan wayoyi da netiwok mai rauni, don haka HTML da CSS da ɗan JavaScript sun wadatar. Shafin da ya ƙi buɗewa bai amfani kowa ba, mai ido da marar ido.

Akwai dabara ɗaya da ke rage wahala: kada a ce AI ta gina komai a tashi ɗaya. A fara da HTML zalla babu ado, a duba tsarinsa, sannan a ce ta ƙara launi, sannan motsi. Kod layi arba'in ana iya karanta shi a gane. Layi dubu ɗaya kuwa sai dai a yi masa kallon tsoro a karɓa.

Hausa, C'lela da haruffa masu lanƙwasa

A saman kowane shafi akwai wurin da ake bayyana harshensa. Kusan kullum AI na rubuta `lang="en"`, wato Turanci, ko da duk rubutun Hausa ne. Da wannan alamar manhajar karatu ke zaɓar lafazin da za ta yi amfani da shi, burauza kuma da ita take sanin ko ta yi tayin fassara. Lambar Hausa ita ce `ha`. Zuru kuma ƙasar Lelna ce, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kuma harshensu na C'lela na da tasa lambar, `dri`. Idan shafin bikin Uhola ya haɗa Hausa da C'lela da Turanci, kowane sashe ana iya sa masa tasa alamar.

Sai haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu ke da su ba. Idan AI ta zaɓo wani salo mai ƙayatarwa da ba shi da su, sai a ga akwati fanko a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam. Maganin shi ne a ce ta sa `UTF-8`, ta kuma yi amfani da salon rubutun wayar ko wanda aka san yana da haruffan, kamar Noto Sans. Gwajin ba wuya: a rubuta "ƙwarya, ɗaki, ɓera" a duba a waya biyu ko uku.

Bayanin hoto ma wuri ne da dole mutum ya sa hannu. AI da ke rubuta kod ba ta san me ke cikin hoton da za a ɗora gobe ba, don haka takan cike `alt` da kalma irin "hoto" ko sunan fayil. Wannan da babu duk ɗaya. "Buhunan taki a jere a gaban ofishin ƙungiya" shi ne bayani. Haka nan Hausar da AI ke rubutawa a kan madannai takan zo a karkace, sai ɗan gari ya gyara ta zuwa yadda ake faɗa.

Tarkuna biyu

Na farko shi ne ARIA. Wasu ƙarin alamomi ne da ake liƙa wa kod domin yi wa manhajar karatu bayani a inda HTML ta gaza. Da zarar an ce wa AI a kula da masu lalura, takan yayyafa `aria-label` da `role` ko'ina domin aikin ya yi kama da an yi ƙoƙari. Ƙa'idar farko da W3C ta gindaya kan ARIA ita ce, idan akwai alamar HTML da ke yin aikin, a yi amfani da ita a bar ARIA. Rahotannin WebAIM ma sun nuna cewa shafukan da ke da ARIA sun fi waɗanda ba su da ita yawan kurakurai a matsakaici. Rubuta `role="button"` a kan `div` alkawari ne kawai cewa abin zai yi aiki kamar madanni. Idan ba a rubuta kod ɗin kibod ba, an yi wa makaho ƙarya.

Na biyu shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙawa a shafi da layi ɗaya, masu cewa za su gyara komai da kansu. A Janairun 2025, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa kamfanin accessiBe zai biya dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa manhajarsa mai AI na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG. Idan AI ta ba da shawarar irin wannan gajeriyar hanya, a ce mata ta gyara kod ɗin kansa.

Gwaji: gani ya kori ji

AI na iya rufe amsarta da cewa shafin ya cika dukkan ƙa'idoji. Wannan magana ce, ba shaida ba. Ga gwaje-gwajen da ba sa cin ko kwabo.

A kwamfuta, a ajiye linzami gefe a riƙa danna Tab daga sama har ƙasa. Ana ganin inda ake a kowane lokaci? An isa kowane madanni? Idan wani akwati ya buɗo a tsakiyar shafi, Esc na rufe shi?

A waya, a shiga saituna, sashen Accessibility, a kunna TalkBack. A sani cewa da zarar ta kunnu, taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, sai biyu, kuma da yatsu biyu ake gungura shafi. Gara a koyi yadda ake kashe ta kafin a fara. Sai a rufe ido, ko a juya fuskar wayar, a gwada cike fom ɗin daga farko har a tura. Duk inda aka ji ta ce madanni ba tare da suna ba, an kama kuskure.

A ƙara girman rubutu a saitunan waya zuwa ƙarshe, a buɗa shafin zuwa kashi 200, a ga ko rubutu na hawa kan juna. A fita da wayar rana a karanta.

Sannan a yi amfani da na'urorin aunawa. Lighthouse na cikin burauzar Chrome ta kwamfuta, akwai axe da WAVE, a Android kuma akwai Accessibility Scanner na Google. Duk kuskuren da suka nuna, a kwafe shi yadda yake a miƙa wa AI, a ce ta gyara shi kaɗai ta kuma bayyana abin da ta canja. A nan AI ke da ƙarfi sosai, domin gyaran kuskuren da aka nuna mata ya fi mata sauƙi a kan gano shi da kanta. Amma maki 100 a Lighthouse ba ya nufin an gama. Na'ura na iya gane cewa hoto na da bayani, ba ta iya gane ko bayanin na da ma'ana.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi daraja: a ba mai lalurar da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke amfani da TalkBack kullum zai gano cikin minti biyar abin da mai ido zai kwana bai gani ba. Ƙungiyoyi irin su JONAPWD, haɗakar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ta ƙasa, da Ƙungiyar Makafi ta Najeriya suna da rassa a jihohi, kuma ta hanyarsu ana iya samun wanda zai gwada. Aiki ne ya yi, don haka a biya shi kuɗin data da na lokacinsa, a kuma sa wannan a lissafin kwangila tun farko.

Doka da kasuwa

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020.

Ga matashin da ke hangen aiki daga waje, maganar ta fi haka zafi. Dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa kayayyaki da ayyuka ga masu nakasa ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta kuma shafi shagunan intanet da bankuna. A Amurka, wani makaho ya kai kamfanin Domino's ƙara saboda ya kasa yin oda a shafinsu, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin, ta bar shari'ar ta ci gaba. Masu ba da kwangila a waɗancan ƙasashe na tambayar WCAG kafin su tambayi launi.

Yanzu da kowa ke iya sa AI ta zubo shafi, iya zubo shafin ya daina zama abin da ke bambanta magini da magini. Abin da ake biya shi ne sanin abin da za a nema da kuma iya tabbatar da an samu. A Zuru kuwa sakamakon a fili yake. Idan fom ɗin rabon taki ko na shiga makaranta bai karantu da TalkBack ba, mai lalurar gani zai nemi wanda zai cike masa, ya karanta masa lambar NIN ɗinsa da ta asusunsa, ko kuma ya haƙura wa'adi ya wuce. Layuka goma na umarni da rabin awa na gwaji sun isa su hana hakan. Wanda ke da wani aiki a hannu yanzu, wuri mafi kyau da zai fara shi ne ya kunna TalkBack ya buɗe shafin da ya gina na ƙarshe.